Kwamfutocin da Na Yi wa Jere

Zurmi,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga ɗiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya sa kun sauka lafiya, ya raba ki da sharrin hanya da na masu tare ta. Mahaifinki yana gaishe ki, ƙannenki ma haka. Na sa takardar a ƙasan akwatinki, ƙarƙashin zannuwa, don kada ki gan ta sai kin isa kwaleji kin natsu.

Kin san yadda muke ni da ke. Ke ce ta fari a wurina, ban taɓa kiran sunanki da bakina ba. Ko lokacin da kike ajina, in na zo kanki a rajista sai in ce "ta gaba", 'yan aji su yi ta dariya ƙasa-ƙasa. Sunan da ke bayan ambulan ɗin nan ma Malama Rifkatu ce ta rubuta mini. Don haka abin da zan faɗa miki ba zan iya faɗarsa ina kallon idonki ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Ba zan yi ta kewaye ba. Jarrabawar shiga jami'a da kika faɗi shekara uku da suka wuce, ba ke kika faɗi ba, ni na kayar da ke. Tun daga ranar kika bar maganar karatun likita, kika ƙi sake zama jarrabawar, har kika zaɓi shiga kwalejin horon malamai ta hanyar share fage. Na ɗauka son koyarwa ne ya ja ki. Ranar Laraba kuna tsintar wake a tsakar gida na ji kina gaya wa ƙanwarki, "Ni dai koyarwa ce daidai da ni, tunda kaina bai ja." Ina riƙe da buta a lokacin, ban san sadda ta faɗi daga hannuna ba. Shekara uku kina ɗauke da wannan magana a ranki, ni kuwa na san ƙarya ce, na kuma san daga inda ta fito. Ba zan bari ki tsaya gaban 'ya'yan mutane da ita a zuciyarki ba. Ki karanta har ƙarshe, ko da ranki ya ɓaci a tsakiya.

Kina aji huɗu aka kawo wa makarantarmu kwamfutoci ashirin, irin waɗanda ake ninkewa, tare da farantan sola da aka kafa a rufin ɗakin da ke kusa da ofis. Shugaban makaranta, Malam Sani, ya kira ni ya ce, "Malama, shekara ashirin kina riƙe da sito, ko tsintsiya ba ta taɓa ɓata ba. Ke za ki riƙe makulli, ke kuma za ki tahi Ƙaura a koya miki, ki dawo ki koya muna." Ni da ko saƙon waya ban iya buɗewa ba sai na miƙa wa wani. Da na ce, "Malam, ban taɓa taɓa wannan abu ba, a haɗa ni da wata," da magana ta ƙare. Amma daɗin yabon ya cika mini kunne, na sa hannu biyu na karɓi makulli. Kuskurena na farko ke nan. Ɗiyata, duk ranar da aka miƙo miki aiki saboda an yarda da ke, ki faɗi iyakar abin da kika iya tun kafin ki karɓa. Yarda daban, iyawa daban, kuma wanda ya yarda da ke ba zai fasa ba don kin ce ba ki sani ba.

Horon kwana uku ne a Ƙauran Namoda. Malamai sun zo daga Shinkafi, daga Ɗan Isa, daga ƙauyukan Zurmi, mun cika zaure. Da mai koyarwar ta shigo sai na gane ta. Saratu ce, yarinyar da na koya wa Hausa a aji ɗaya, wadda na taɓa sa ta durƙusa a rana don ta zo ba ta wanke safa ba. Ta girma, ta sa tabarau, tana magana zauren ya yi tsit. Tana ganina ta ratso tsakiyar mutane ta durƙusa har ƙasa. Ta ce, "Jama'a, ga wadda ta koya mini riƙe biro daidai." Aka yi ta tafi. Daga wannan tafin na san ba zan iya ɗaga hannu in ce ban gane ba.

Kusa da ni akwai wani dattijo daga Jangeru, Malam Garba, gemunsa fari fat. Shi ko kunya babu. Minti biyar ba za a yi ba sai ka ji muryarsa.

"Ɗiyata, zo nan! Kibiyar ga ta gudu, ban san inda ta nuhwa ba."

"Baba, ɗaga yatsanka, ka shafa a hankali."

"Yatsan ga garma ya sani, bai san lallashi ba."

Zaure ya kwashe da dariya. Wani saurayi daga baya ya ce, "Baba, a bar wa jikoki mana." Ya waiwaya ya ce, "Jikokin nan ni ka koya musu, kai ko ba ka ma haihu ba." Ni ma na yi dariya tare da mutane, har ina jin tausayinsa yadda yake zubar da girmansa. Hannuwana suna cikin hijabi. In Saratu ta ce a danna wani wuri, sai in rubuta a littafi: a danna wuri kaza. Na cika shafi goma sha wani abu, na zana madannai ɗaya bayan ɗaya da kyau. Kowace awa sai ta zo ta sunkuya kusa da ni ta ce, "Malama, kin gane?" In ce, "Na gane, Allah shi yi miki albarka." Ta wuce. Rana ta uku Malam Garba ya buga sunayen 'yan ajinsa talatin da hannunsa, yana kamo mutane ta riga su zo su gani. Ni kuwa ban kunna tawa da kaina ba ko sau ɗaya, wata malama ce take kunna mini da safe. Takardar shaida iri ɗaya aka ba mu ni da shi.

A nan ina da magana biyu. Ta farko, a kwaleji za a kai ku ɗakin kwamfuta, za ki tarar da 'yan birni waɗanda suka tashi da ita a gida. Ki zama Malam Garba. Ki tambaya har a gaji da ke, a yi miki dariyar. Dariya ba ta kwana uku, rashin sani kuwa ya bi ni shekaru. Ta biyu ta fi muhimmanci, don wata rana ke za a tura ki koya wa irina. Kada ki taɓa tambayar babba "kin gane?" a gaban mutane. Babu malamar da ta haife ki a shekaru da za ta ce miki a'a. Ki ja kujera ki zauna kusa da ita, ki cire hannunki daga kan na'urar, ki ce, "Malama, yi in gani." In ta kasa, ki nemi lokacin da babu kowa. Saratu ba ta yi laifi ba, ladabi ta yi mini. Amma ladabin nan ya ba ni wurin ɓuya.

Da na dawo Zurmi na buɗe ɗakin na tsaya ina kallon kwalaye ashirin. Tsoro biyu ne a raina: kada a gane ban iya ba, kada kuma ɗaya ta lalace a hannuna. Sai na yi abin da na iya tun ina yarinya. Kin san ɗakin kakarki a Gurbin Bore, da jeren samiru da tasoshin da aka kai ta da su tun aurenta. Ba a taɓa zuba ko ruwa a cikinsu ba. A sauke, a goge, a mayar, baƙi su shigo su yaba. Abinci kuwa a tsohon kwano mai lamba ake ci. Haka aka koya mana: abu mai daraja na jere ne. Na sami ragowar leshi na ɗinka wa kowace kwamfuta riga a kekena. Na jera su a kabad biyar-biyar, bakinsu ya daidaita. Duk Alhamis in sauke in goge in mayar, har turaren wuta nake sawa saboda kyankyasai. Wallahi a lokacin gani nake ina kyautata amana.

A taron malamai Malama Rifkatu ta tambaya yaushe za a fara. Kin san ta, malamar lissafinku da ta zo daga Filato tana budurwa ta tsufa a cikinmu, ba ta iya ɓoye magana. Ido ya dawo kaina. Sai na ji bakina yana cewa, "An gargaɗe mu a wurin horo, kada kowa ya kunna sai injiniya ya zo daga Gusau ya haɗa su." Ban shirya wannan magana ba, fitowa kawai ta yi. Babu wanda ya gargaɗe mu. Babu wani injiniya. Ni na ƙirƙire shi a tsaye, a gaban mutum goma sha biyu, kuma kowa ya yarda, don ba a taɓa kama ni da ƙarya ba. Yadda hanya take a shekarun nan, wa zai yi mamaki don baƙo daga Gusau bai zo ba? Duk wata sai Malam Sani ya ce, "Har yanzu shiru?" In ce, "Shiru, Malam, ka san hanya." Ya ce, "Allah shi kyauta." Wahalar da ta hana mutanenmu zuwa gona, ni ita na mayar mayafi.

In masu duba makarantu za su zo, sai in tuɓe wa kwamfutocin riguna, in jera su a tebur, in zaɓo 'yan mata masu tsabtar hijabi in zaunar. Har da ke. Kin tuna abin da nake cewa? "Kowa ta ajiye hannunta a cinya." Fuskar kwamfutocin baƙi ƙirin, mai hoto kuma daga baya yake ɗauka, ba a gani. Baƙi su yaba tsabta, su sa hannu a littafi, su shiga mota tun kafin azahar don su kai gida da rana.

Rifkatu ce kaɗai ta ƙi bari. Wata Alhamis ta leƙo ta tarar ina gogewa. Ta kama ƙugu ta ce, "Malama, amaren nan naki har yanzu ba a yi musu buɗar kai ba? Shekara guda fa! Ko sai mun kira dangin ango?"

Na ce, "Ke dai ba ki rabo da wasa."

Ta ce, "Ba wasa ba ne. Ƙanina yana da irinta, na ga yadda yake yi. Maɓalli ɗaya ne a gefe. Ba ni makulli awa ɗaya ranar Juma'a, in ta fashe ki ce ni ce."

Na ce, "In ta fashe, ke za ki tsaya gaban hukuma ko ni?"

Ta ce, "Yarinyarki ma tana cikin masu jarrabawa baɗi." Na juya mata baya na ci gaba da guga. Mako biyu ban amsa gaisuwarta da kyau ba. Ɗiyata, in abokiyar aiki ta faɗa miki magana kika ji ta yi miki zafi fiye da kima, ki tsaya ki duba, yawanci wurin ciwon ta taɓa. Kuma ki sani, kayan makaranta ba kayan ɗaki ba ne. Kwamfutar da yara suka goge wa haruffa da yatsunsu ita ce ta yi aikinta. In kin shiga makaranta kin ga kayan koyarwa suna walƙiya kamar yau aka kawo su, kada ki yaba, ki tambaya.

Darasin kwamfuta kuwa ban fasa ba, a allo nake yi. Na zana muku maus da alli, ɗan abin nan da ake ja da hannu, har da wutsiyarsa. Na yanka kwali na zana madannai daga littafina na horo, kuna haddacewa kamar karatun allo. Kin ci casa'in da wani abu a wannan darasi. Katanga ɗaya ce tsakaninku da na gaske.

Akwai abin da ban taɓa mantawa ba. Wata rana ina tankaɗe kika tsaya a bayana kika ce, "Inna, yaushe injiniyan zai zo? An ce jarrabawarmu da kwamfuta za a yi ta." Na ce, "Ki yi ta karatunki, ki roƙi Allah shi kawo shi." Bayan kwana biyu na wuce ƙofar ɗakinku kin idar da sallar la'asar, na ji ki a hankali kina cewa, "Ya Allah ka tsare injiniya a hanya, ka kawo shi lafiya." Ɗiyata tana roƙon Ubangiji ya tsare mutumin da babu shi. Makullin yana ɗaure a bakin zanena a lokacin, ina jin sanyinsa a jikina. Ko a ranar da na kira ki na faɗi gaskiya, da saura wata biyar, da kin koya. Na wuce madafi na hura wuta.

Ranar jarrabawa ni aka ba rakiyarku zuwa Ƙaura. Ku goma sha takwas a mota ɗaya, kuna ta bitar Kimiyya, ke ce mai yi musu tambayoyi. Na zauna ƙarƙashin dogon yaro a bakin ƙofa tare da sauran iyaye. Yaran Ƙaura da suka saba zuwa shagunan kwamfuta suka fara fitowa suna hira. Namu kuwa sai da aka kore su. Kika fito kina tafiya kamar mai zazzaɓi, kika zauna a ƙasa kusa da ƙafata, abin da ba ki taɓa yi ba a gaban mutane.

Kika ce, "Inna, kibiyar ba ta tsayawa. In na ja nan sai ta yi can. Na ɗaga abin sama ina juyawa, ta kusa da ni tana dariya."

Kika ci gaba.

"Da na samu ta tsaya na gama Turanci, ban san inda ake shiga sauran darussan ba. Na ɗaga hannu, mai tsaro ya ce ba a magana. Sai da ya rage minti goma sha biyar wani ya nuna mini a sama. Ina cikin Kimiyya allon ya rufe." Kika ɗago kika dube ni. "Na san amsoshin, Inna. Wallahi na san su."

Kin tuna amsar da na ba ki? Na ce, "Ƙaddara ce, ki yi haƙuri." Wannan shi ne mafi munin abin da na yi, ya fi ƙaryar injiniya muni. Na ɗauki laifina na jingina wa ƙaddara, na bar ki kina neman aibu a kanki. Cikin ku goma sha takwas, biyu ne suka sami makin kirki, su ma masu 'yan'uwa a Gusau ne. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita. Amma ba a ba malami ita don ya rufe sakacinsa ba. In ɗalibanki suka faɗi, kafin ki ce musu su yi haƙuri, ki koma ki tambayi kanki me kika hana su.

Bayan kin gama makaranta da wata bakwai, ran nan muna cikin darasi na biyu sai ga Saratu, ba sanarwa. An turo ta zagayen makarantun da aka ba kaya. Ta gaishe ni ta ce, "Malama, mu je in ga 'yan ɗakinki." Malam Sani ya biyo mu yana cewa, "Yawwa, ko za ki taimaka muna da maganar injiniyan nan." Ta ce, "Wane injiniya?" Ya ce, "Wanda kunka ce a jira." Ta dube shi, ta dube ni. Ban san me ta gani a fuskata ba. Ta ce, "Malam, ba mu minti kaɗan," ta mayar da ƙofa ta rufe.

Ta zare rigar leshi ta farko, ta riƙe ta a hannu tana kallon ɗinkin, ba ta yi dariya ba. Ta je bango ta ɗaga wani ɗan maɓalli ja da nake gogewa duk Alhamis. Fitila ta kama. Ashe tun ranar da aka kafa sola an gama haɗa komai. Ta fara jona su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko shiru. Ta biyu shiru. Ta uku da ta juya, cikinta ya kumbura kamar burodi, har murfin ya ɗage. Na ce, "Innalillahi! Wa ya taɓa ta? Wallahi ba wanda ya taɓa ta!" Ta ce, "Shi ya sa, Malama. Batir in ya shekara biyu ba caji, mutuwa yake yi. Zafin kabad da riga sun ƙarasa shi." Cikin ashirin, shida suka farka. Abin da na hana ku taɓawa don kada ya lalace, rashin taɓawar ne ya kashe shi. Na zauna a kan benci ina ta maimaita salati.

Saratu ta ɗauko ɗaya daga cikin shidan ta ajiye a gabana. Ta zauna a ƙasa, ta naɗe hannuwanta a ƙirji. Ta ce, "Malama, ba kowa sai ni da ke. Danna nan." Na danna. Haske ya kawo. Ta ce, "Sa yatsa ki shafa." Kibiya ta gudu, na janye hannu kamar na taɓa garwashi. Ta ce, "Ba ta cizo. Sake." Kwana huɗu ta yi a Zurmi a gidan ƙanwar babanta, kullum bayan an tashi mu yi awa biyu. Rana ta huɗu na buga tambayoyin gwaji goma da kaina, na amsa su, na shiga darasi na fita darasi.

Kwana huɗu, ɗiyata. Wannan ne ya fi girgiza ni, ya fi batiran da suka kumbura. Abin da na ɓata shekara biyu ina gudu, na yi ƙarya a kansa, na tauye 'yan mata goma sha takwas, awa takwas ne kacal na koyo. Da na dawo gida kika tambaye ni me ya sa idona ya yi ja, na ce miki injiniya ne ya zo a ƙarshe, ya tarar wasu sun lalace. Har a ranar ban iya ba.

Kada ki ɗauka daga nan na daina kuskure. Da na iya, sai na zarce. Na sami wani bidiyo na yadda jini ke zagaya jiki, na kunna wa 'yan aji biyar, na koma baya na zauna ina jin daɗi, minti arba'in. Da ya ƙare na tambaya me aka gani. Wata ta ce, "Malama, ja da shuɗi suna gudu." Turancin mai bayanin ko ni ban kama rabinsa ba. Rifkatu ce ta gyara mini, don mun shirya tuni. Ta ce in riƙa tsayar da shi duk minti biyu, in yi bayani da Hausa, in sa su taɓa wuyan hannunsu su ji bugun, sannan in ci gaba. Na'ura ba ta san wace yarinya ce ta zo ba ta karya ba, ba ta san wadda ta yi shiru don ba ta gane ba. Wannan aikinki ne, ba za ta karɓe miki ba. Yanzu kwamfuta shida muke juyawa tsakanin 'yan aji shida su hamsin da ɗoriya. Rukuni-rukuni suke shiga, kowace sai ta riƙe maus da hannunta sau biyu a mako, masu jin tsoro su nake fara turawa. Makulli uku na sa aka yanka, ɗaya wurina, ɗaya wurin Rifkatu, ɗaya a ofis. Malamai ma ranar Juma'a muke zama, kowa ya kawo abin da ya gagare shi. Malam Sani da kansa yana zuwa, kuma ya fi kowa tambaya.

Shi na fara gaya wa gaskiya. Ya cire hularsa ya riƙe, sannan ya ce, "Ni ma da laifina, shekara biyu ban nemi lambar injiniyan ba." Sauran 'yan ajinku na bi waɗanda na iya samu gida-gida. Wasu sun yi aure, wata ta koma Shinkafi, wata ta ce ita ta manta ma. Ke kaɗai na kasa. Ranar Laraban nan bayan na ji maganarki na gaya wa mahaifinki komai. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ba ni kinka cuta ba. Ki hwaɗa mata kahin ta tahi." Na yi ta neman bakin magana har aka fara haɗa kaya a akwati, ban samu ba.

To ga shi na faɗa. Kanki yana ja, ɗiyata. A shekara ashirin da bakwai da na yi ina koyarwa ban ga biyar kamarki ba, ba don ni na haife ki ba, ki tambayi Rifkatu. Idan har yanzu karatun likita yana ranki, za a sake buɗe rajista, mahaifinki ya amince, kwamfuta kuma ga ta a kwalejinku, ki zauna a gabanta kullum har ta zama kamar keken ɗinki a hannunki. Idan kuma kin zauna kin ga koyarwa kike so, ina murna, yaranmu suna bukatar irinki fiye da yadda suke bukatar irina. Amma ki zaɓe ta don kina so, ba don kin ɗauka nan ne wurin waɗanda suka gaza ba. Ɗaliba tana gane malamar da ta raina kanta, kuma tana koyon hakan kafin ta koyi darasi.

Saura abu ɗaya, shi ne mafi nauyi a bakina. Ina roƙonki gafara. Uwa ba ta saba faɗin haka ga ɗiya ba a wurinmu, amma hakkinki ne, kuma ba na so in tsaya da shi gaban Allah. Ban ce ki yi sauri ba. In ranki ya ɓaci, ki bar shi ya ɓaci, kin fi kowa cancanta.

Ki kiyaye sallarki a kan lokaci. Ki zaɓi ƙawaye masu tashe ki karatu. In za ki zo hutu kada ki shiga motar da za ta tashi bayan azahar, ko da ita kaɗai ta rage, ki kwana Ƙaura wurin gwaggonki ki taso da safe. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya tsare hanyoyinmu da gonakinmu, ya dawo mana da zaman lafiya, ya ba ki ilimi mai amfani, ya sa ki gama lafiya ki dawo lafiya. Amin.

Idan kin shirya ba ni amsa, kada ki aiko ta bakin kowa, kada kuma ki ba mahaifinki ya faɗa mini. Ki rubuto a wayata, ko kalma ɗaya ce. Ba wanda zai gan ta kafin ni. Na koyi buɗe saƙo da kaina.

Wassalam,
Mahaifiyarki.